Yadda Ake Shirya wa Gobe Huɗu Kafin a Zuba Jari a Sito

A kakar 2024 na sayi masara na zuba a sito a nan Gombe da lissafi ɗaya tak a kaina: bara wanda ya ajiye ya ci riba, bana ma haka za a yi. Ban taɓa tambayar kaina abin da zan yi idan farashi ya ƙi tashi ba. Da aka shiga 2025 sai hatsi ya fara sauka maimakon hawa. Kowane mako ina cewa bari in ƙara haƙuri, har damina ta kankama, sabuwar masara ta kusa shigowa, na sayar ƙasa da yadda na saya. Duk mai shiga Tudun Hatsi, kasuwar hatsi ta Gombe, ya san ba ni kaɗai wannan shekarar ta taɓa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne alamar ta zo a fili. Tun a watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, alkama, wake da wani nau'in shinkafa na tsawon kwana 150. Na ji a rediyo da kunnena, na wuce, domin labarin bai dace da goben da na riga na zana wa kaina ba.

Hanyar da zan bayyana a nan ita ce wadda nake bi tun daga lokacin. Shirin ko-ta-kwana ne, amma a rubuce, da lissafi. Maimakon ka yi hasashen gobe ɗaya ka ɗora dukiyarka a kanta, sai ka zana gobe huɗu masu bambanci da juna, waɗanda kowace tana iya faruwa, ka gwada shawararka a cikin kowace, ka ga inda za ka tsira da inda za ka karye.

Hanyar ta daɗe. Wani masani ɗan Amurka, Herman Kahn, ya yi amfani da ita wajen nazarin yaƙi a cibiyar RAND a shekarun 1950. A kasuwanci kuwa kamfanin mai na Shell ne ya yi suna da ita. A farkon shekarun 1970 wani Bafaranshe ma'aikacinsu a Landan, Pierre Wack, ya riƙa gabatar wa shugabannin kamfanin labarai daban-daban na gobe, har da wanda ƙasashe masu arzikin mai za su riƙe mansu farashi ya yi tsalle. A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka taƙaita sayar da mai, cikin 'yan watanni farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu. Wack bai san ranar da abin zai faru ba. Amfanin aikinsa shi ne da abin ya zo, mutanensa sun riga sun taɓa tunaninsa, ba su tsaya baki buɗe ba.

Na san wani zai ce gaibu sai Allah. Haka ne, kuma wannan hanya a kan wannan gaskiyar ta tsaya. Mai cewa "tabbas masara za ta tashi a watan Mayu" shi ne ya yi da'awar sanin gobe. Mai zana gobe huɗu ya yarda bai sani ba, ya ɗaure raƙuminsa, sannan ya yi tawakkali.

Da farko, rubuta shawara ɗaya

Nemi littafin 'yan makaranta da biro. A shafin farko rubuta shawarar da ke gabanka a jumla ɗaya, da adadin kuɗi, da ranar da za ka yanke, da ranar da kake sa ran ganin sakamako. "Yaya kasuwata za ta kasance?" ba ta isa tambaya ba, ba za ta kai ka ko'ina ba. Ga irin wadda ake so: "Ina da naira miliyan 4 da dubu 400. Shin in zuba su duka a masara a watan Nuwamba in riƙe zuwa Mayu, ko in raba, ko in ci gaba da juya su?"

Da wannan misalin za mu yi tafiya har ƙarshe. Alƙaluman da zan kawo na koyarwa ne kawai, kai ka sa farashin da ka taras a kasuwa ranar da kake lissafi.

A ƙarƙashin tambayar rubuta abu biyu da mutane ke jin nauyin rubutawa. Na ɗaya, nawa ne naka a cikin kuɗin, nawa ne na mutane, kuma yaushe za su nema. A misalinmu miliyan 3 na ɗan kasuwar ne, miliyan 1 da dubu 400 na Addarsa ne, wato yayarsa, ta ce za ta karɓa a watan Yuni don auren 'yarta. Na biyu, asarar nawa za ka iya ɗauka ka sake buɗe shago washegari, gida bai rasa cefane ba, yara ba su bar makaranta ba. Bari mu ce mutuminmu ya ce dubu 700. Ja layi a ƙarƙashin wannan adadi. Shi ne alƙalin duk abin da zai biyo baya, kuma dole a rubuta shi yanzu, tun kafin kwaɗayin riba ya shiga lissafin.

Sai ka jero abubuwan da ke juya kasuwarka

Buɗe sabon shafi ka rubuta duk abin da ba a hannunka yake ba amma yana iya taɓa wannan shawara. Hanya mafi sauƙi ita ce ka waiwayi shekarun baya ka tuna abin da ya taɓa girgiza ka. Mu a nan ba sai mun yi nisa ba. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya takardun naira 200, 500 da 1000, kuma a farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, cikin kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500. A watan Yunin shekarar aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. A ƙarshen Yuli sojoji suka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka da ita har zuwa farkon 2024. A watan Afrilun 2024 aka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, muka kwana a duhu makonni.

Lokacin ƙarancin kuɗin nan na raka Kawuna kasuwar ƙauye a yankin Dukku. Kuɗinsa na banki, wayarsa na hannu, wake na gabansa a tsibe. Dattijon da ya kawo buhu uku a amalanke ya ce, "Alhaji, ni ban san turawa ta waya ba, in babu a hannu sai wata kasuwar." Kawu ya juyo ya ce mini, "Ka gani ko ɗana, yau mai dubu hamsin a aljihu ya fi mai miliyan a banki." Muka dawo da mota wayam, ga kuɗin mai mun biya. Irin wannan abu ne ake so ya shiga jerinka, domin ya taɓa faruwa, kuma babu wanda ya rubuta maka cewa ba zai sake ba.

Ga mai hatsi jerin zai ƙunshi yawan amfanin gonar bana, dokar shigo da abinci, farashin gas ɗin manyan motoci, darajar naira, halin iyakoki, tsaron hanya, ƙarfin aljihun mutane, sayayyar kamfanonin abincin kaji, noman rani a Dadin Kowa da sauran fadamu, da ƙwari a sito. Kada ka tace a wannan mataki, rubuta ko ashirin ne.

Daga nan ka raba su gida biyu. Akwai waɗanda kusan an san yadda za su kasance: kaka za ta zo hatsi ya yi yawa a kasuwa, azumi da salla suna da lokacinsu, mai sito zai karɓi kuɗinsa, wake in ba a adana shi da kyau ba ƙwari za su ci. Waɗannan za su shiga kowane labari ba canji. Sauran su ne waɗanda suke iya yin gabas ko yamma.

Zaɓi biyu kawai

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi kuskure. A cikin abubuwan da ba su da tabbas, nemo guda biyu da suka cika sharaɗi biyu: in sun motsa suna taɓa aljihunka sosai, kuma da gaske ba ka san inda za su nufa ba. Abin da ke da ƙarfi amma an san hanyarsa bai shiga ba. Abin da ba a san hanyarsa ba amma tasirinsa kaɗan ne, shi ma bai shiga ba.

Za ka lura abubuwa da yawa a jerinka bakinsu ɗaya. Kyan damina, shigo da masara daga waje, fitar da hatsi daga rumbun gwamnati da noman rani duk suna amsa tambaya guda: a bazara kaya zai yi yawa a kasuwa ko zai yi ƙaranci? Haka kuɗin mota, tsaron hanya, buɗe iyaka, halin masu kiwon kaji da ƙarfin albashi suna amsa wata: masu saye da kuɗi a hannu za su zo ko ba za su zo ba? Ka ga ashirin sun koma biyu.

Sharaɗi na uku da nake ƙarawa shi ne kada biyun su zama abu ɗaya da suna biyu. In ka ɗauki farashin dala da farashin taki, kusan tare suke tafiya, za ka ƙare da labari biyu maimakon huɗu.

Yanzu ja layi daga sama zuwa ƙasa, ja wani ya gicciye shi. A saman na tsaye rubuta "kaya kaɗan", a ƙasa "kaya da yawa". A daman na kwance rubuta "masu saye da yawa", a hagu "babu masu saye". Ka samu ɗaki huɗu, kowane ɗaki gobe ce guda.

Ba kowace gobe suna da labari

Kada ka bar su a matsayin ɗakuna. Rubuta wa kowace labari na layi biyar ko shida, kamar kana zaune a watan Mayu kana ba abokinka labarin abin da ya faru tun kaka. Faɗi abin da ya jawo abin da ya biyo. Sannan ka laƙaba mata sunan da za ka iya tunawa a tsakiyar hayaniyar kasuwa.

Ta farko, kaya kaɗan ga masu saye, na kira ta "Tirela a layi". Ruwa ya ɗauke da wuri a wasu yankuna, ba a shigo da komai daga waje ba, masu abincin kaji daga Jos da kudu suna turo wakilai, 'yan dako ba sa zama. Buhu ya kai dubu 62.

Ta biyu, kaya da yawa ga masu saye, "Ciniki ba ƙiba". Damina ta yi kyau, hanya lafiya, ana loda motoci kullum, amma duk wanda ka ɗaga wa farashi sai ya matsa rumfar gaba. Buhu dubu 46.

Ta uku, kaya kaɗan babu masu saye, "Tsada a baki". Farashi a bakin dillali dubu 52 ne, amma gas ya yi tsada, motocin kudu sun ragu, masu kaji da yawa sun rufe, magidanci da ke sayen buhu ya koma mudu. Kana iya sayar da buhu 50 a wannan farashi, sauran sai ka karya zuwa dubu 45 ko ka bayar bashi.

Ta huɗu, kaya da yawa babu masu saye, "Sito ya cika". An samu amfani, an shigo da ƙari, kowa na da kaya kowa na neman kuɗi. Buhu dubu 30.

Akwai tarkon da nake so ka kauce wa. Mutane da yawa suna rubuta uku: mai kyau, matsakaiciya, mummuna. Da zarar ka yi haka zuciyarka za ta zauna a ta tsakiya ta ce ita ce gaskiya, sauran biyun ado ne. Huɗu ba su da tsakiya, dole ka kalli kowace. Haka kuma kada ka fara cewa wannan kashi 60 ce, waccan kashi 10. A kakar 2024 da an tambaye ni, da na ba "Sito ya cika" kashi 5, kuma ita ce ta zo. Abin da ake nema ga kowane labari shi ne mai hankali ya ji ya ce, e, wannan tana iya faruwa.

Kada ka rubuta labaran kai kaɗai. Zauna da mutum uku ko huɗu da suke kallon kasuwa ta kusurwa daban: dillali, direban babbar mota, manomi, da uwargida, wadda ta fi ka sanin lokacin da maƙwabta suka rage kwanon tuwo. In akwai wanda kuka saba gardama da shi a rumfa, shi ya fi kowa amfani. Ba shi labarin da ka fi so ka ce ya rushe shi.

Sa kuɗi a cikin kowane ɗaki

Fara da ainihin kuɗin da buhu ya tsaya maka. Mun ce ka saya dubu 40. Ƙara kuɗin buhu, ɗinki, dako sau biyu, mota daga kasuwar ƙauye, maganin ƙwari, hayar sito na wata shida, la'ada, da ɗan abin da zai rage na nauyi idan hatsin ya ƙara bushewa. A misalinmu dubu 4 ne, buhu ya tsaya dubu 44. Duk farashin da bai kai wannan ba faɗuwa ce, ko da ya fi yadda ka saya. Na sha ganin mutum yana murna ya sayi 40 ya sayar 43, bai san ya yi wa mai sito da 'yan dako aiki ba ne.

Yanzu kawo zaɓuɓɓukanka, aƙalla uku, ka bi da kowane ta ɗakuna huɗun.

Zaɓi na farko, ka zuba duka, buhu 100. A "Tirela a layi" ka ci miliyan 1 da dubu 800. A "Ciniki ba ƙiba" dubu 200. A "Tsada a baki" ka sayar da 50 a dubu 52, 50 a dubu 45, ribar dubu 450. A "Sito ya cika" ka tashi da miliyan 3, asarar miliyan 1 da dubu 400. Ka mayar wa Adda kuɗinta cif, kai ka rage da miliyan 1 da dubu 600 daga miliyan 3 ɗinka.

Zaɓi na biyu, ka ajiye buhu 50, ka riƙa juya sauran miliyan 2 da dubu 200 mako-mako, kana saro daga Kumo ko Bajoga kana sayarwa a gari. Abin da ke sito zai ba ka dubu 900 a ta farko, dubu 100 a ta biyu, dubu 400 a ta uku tunda buhu 50 ɗin duk za su shige a farashi mai kyau, da asarar dubu 700 a ta huɗu. Juyin kuɗi kuma, bari mu ƙiyasta, dubu 400, dubu 500, dubu 150 da dubu 100. In ka haɗa: ribar miliyan 1 da dubu 300, ribar dubu 600, ribar dubu 550, sai asarar dubu 600.

Zaɓi na uku, babu ajiya, juyi kawai. Kada ka ninka ribar juyin sau biyu don kuɗin sun ninka, domin ƙafarka biyu ce kuma kwastomominka ba su ƙaru ba. A ce dubu 600, dubu 800, dubu 200 da dubu 150.

Koma shafin farko ka dubi layin da ka ja. Mutuminmu ya ce dubu 700 ne iyakarsa. Zaɓi na farko ya fita, komai daɗin miliyan 1 da dubu 800 ɗin nan, domin a ɗaki ɗaya cikin huɗu yana ninka iyakar sau biyu. Dubi kuma wani abu da ba ya bayyana sai an rubuta: zaɓi na biyu ya fi na farko a ɗaki uku, a ɗaya kawai ya gaza, da dubu 500. Wato mai zuba duka yana jefa kusan rabin jarinsa a haɗari don neman ƙarin dubu 500 a gobe guda. Tsakanin na biyu da na uku kuwa sai mutum ya dubi halinsa. Ni da kuɗin Adda na hannuna kuma aure na tafe, zan ɗauki na biyu, amma in tabbatar kuɗinta suna cikin ɓangaren da ake juyawa, inda zan iya zaro su cikin mako guda.

Ware matakai gida uku

Bayan lissafi za ka ga wasu abubuwa suna da amfani a kowane ɗaki. Yi su gobe da safe, ba sai ka jira komai ba. Ga mai hatsi: busar da kaya sosai kafin ɗinki, ɗora buhuna a kan katako kada su taɓa ƙasa, amfani da buhun nan mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga musamman ga wake, rage bayar da bashi, riƙe ɗan tsabar kuɗi tare da asusu a banki fiye da ɗaya, da samun lambar masu saye a gari biyu ko uku maimakon dogaro da Alhaji guda.

Gida na biyu su ne ƙananan kuɗin da kake kashewa don ƙofa ta zauna a buɗe. Ka biya hayar sito wata uku da sharaɗin ƙarawa, maimakon wata shida a dunƙule, ko da watan ya ɗan fi tsada. Ka yi magana da mai kaji tun yanzu cewa zai ɗauki buhu 20 a watan Maris a farashin da kuka amince. Ka saya kashi-kashi cikin mako huɗu, kada ka kwashe a kasuwa ɗaya. Kowane yana rage maka ɗan riba idan abubuwa sun yi kyau, kuma shi ne kuɗin kwanciyar hankalinka.

Gida na uku shi ne babban tsalle, wanda ke biya a ɗaki ɗaya kawai: cin bashi don ƙara kaya, sayar da fili, gina sito. Ban ce kada a taɓa yi ba. Na ce kada a yi sai alamu sun nuna ɗakin da ake ciki, kuma kada a yi da kuɗin marayu ko na aure.

Rubuta alamu da abin da za ka yi in ka gan su

Wannan shi ne matakin da ya fi ƙarfina a 2025, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Labarai huɗu ba su da amfani in ba ka san wanda ka fara shiga ba. Ga kowane labari rubuta alama biyu ko uku da za su fara bayyana kafin farashi ya gama juyawa, kuma su zama abin da ido ke gani ko kunne ke ji, ba jita-jita ba. Motoci nawa ake lodawa a Tudun Hatsi ranar kasuwa, in aka kwatanta da makon jiya? Nawa buhu yake a Dawanau ta Kano? Nawa direba ke nema zuwa kudu? Gwamnati ta yi sanarwa a kan shigo da abinci ko fitar da hatsi daga rumbu? Me hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ta ce a hasashen damina da take fitarwa a farkon shekara? Wakilan kamfanoni suna nemanka, ko kai kake kiransu ba sa ɗauka?

Sai ka ɗaura wa alamar aiki, da adadi, tun yanzu da hankalinka ke kwance. Misali: "In buhu ya sauka ƙasa da dubu 40 mako biyu a jere, zan sayar da kashi ɗaya cikin uku ba tare da shawara da kowa ba. In an sanar da buɗe shigo da masara, zan sayar da rabi cikin kwana goma. In ya kai dubu 55, zan sayar da rabi, ba zan jira ƙololuwa ba. Ranar 15 ga Mayu, ko nawa ne farashi, sito zai zama wayam." Sa hannu a ƙasa, ka nuna wa mutum ɗaya da kake jin kunyarsa.

Dalilin wannan tsanani shi ne ranar da farashi ke faɗuwa zuciya ba ta lissafi. Za ta ce maka ai ka riga ka yi asara, jira ya dawo. Ranar da yake hawa kuma za ta ce saura kaɗan. Mutumin da ya rubuta dokar a watan Nuwamba ya fi wanda ke tsaye a ƙofar sito a watan Afrilu natsuwa, don haka na Nuwamba ya kamata a bi.

Akwai kuma abin da ya wuce riba. Malamai sun yi magana mai nauyi a kan ɓoye abinci lokacin da mutane ke cikin yunwa don farashi ya ƙara hawa. Ajiyar kaka zuwa bazara sana'a ce da ke kai hatsi lokacin da babu, amma idan ka tsinci kanka a ɗakin da kaya ya yi ƙaranci maƙwabta na kwana da yunwa, dokarka ta sayarwa ta zo da wuri. Tambayi malaminka iyakar abin, ka rubuta ta cikin sharuɗɗanka.

In ba hatsi kake yi ba

Tsarin bai canza ba, layuka biyun ne ke canzawa. Mai sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi a Jekadafari da ke tunanin sayen sola, nasa su ne samuwar wuta da farashin mai. Mai POS, samuwar tsabar kuɗi da yawan abokan gasa a layinsa. Tela kafin salla, farashin yadi da ƙarfin aljihun iyaye. Mai kiwon kajin gidan gona a Tumfure, farashin abinci da farashin kiret ɗin ƙwai, kuma ita goben da ke yi wa mai sito daɗi ita ce ke karya ta.

Ranar dubawa

A shafin ƙarshe ja layuka ka rubuta ranakun da za ka buɗe littafin, ga mai hatsi duk mako biyu, ga mai shago sau ɗaya a wata. Kowace rana rubuta farashin yau, alamun da ka gani, da sunan ɗakin da kake jin ana ciki. Minti goma sha biyar ya isa. In wani abu ya faru da babu shi a ɗaki ko ɗaya, kamar yadda canjin kuɗi ya zo mana, kada ka tilasta shi cikin tsohon zane, buɗe sabon shafi ka sake jan layukan. In kaka ta zagayo, karanta labaran bara kafin ka rubuta na bana, ka sa alama a kan wanda ya zo da wanda ka raina.